Julius Nyerere: Malamin da ya Nemi Sulhu a Burundi

A wannan fitowa muna tunawa da Julius Nyerere, shugaban ƙasar Tanzaniya na farko. An haife shi a Butiama a 1922, ya karɓi baftisma a 1943, ya kuma yi aikin koyarwa, shi ya sa mutanensa suke kiransa Mwalimu, wato malami. Mutum ne mai himmar zuwa Misa. A 1985 ya sauka daga mulki don kansa, a zamanin da bindiga ce take sauke shugabanni.

Bai huta ba cikin tsufansa. A 1993 sojoji suka kashe Shugaba Ndadaye na Burundi, yaƙin basasa ya ɓarke. Da Manjo Buyoya ya ƙwace mulki a Yuli 1996, shugabannin ƙasashe maƙwabta suka taru a Arusha, suka sa wa Burundi takunkumi da goyon bayan Nyerere. Takunkumin ya matsa wa talakawa, har wasu suka zarge shi. Ya ƙi juyin mulkin, amma bai rufe wa mai juyin ƙofa ba. A 1998 ya zaunar da gwamnatin Buyoya da 'yan adawa domin su tattauna.

Ya rasu a Landan ran 14 ga Oktoba 1999, aikin bai ƙare ba. Mandela ya ɗora daga inda ya tsaya, aka sa hannu kan yarjejeniyar Arusha a 2000. Yau Ikilisiya tana kiransa Bawan Allah.

Mu da muka ɗanɗana mulkin soja, bari mu roƙi Ubangiji ya ba shugabanninmu irin wannan haƙuri. Amin.