YOHANNA MANZO DA IDIN WANKIN ƘAFA A TSIBIRIN BATMUSA

Yohanna ɗan Zabadi masunci ne a bakin Tekun Galili. Shi da ɗan'uwansa Yaƙub suna cikin jirgi suna gyaran taru tare da ubansu sa'anda Ubangiji Yesu ya kira su. Suka bar uban da 'yan ƙodago, suka bi shi.

A lokacin nan Yohanna mai zafin rai ne, har Yesu ya yi musu laƙabi da 'ya'yan tsawa. Wata rana mutanen wani ƙauye na Samariya suka ƙi karɓar Yesu, sai shi da Yaƙub suka so su kira wuta daga sama ta cinye su (Luka 9). Wata rana kuma suka roƙi manyan kujeru biyu, dama da hagu, cikin ɗaukakarsa (Markus 10). Sauran almajirai goma suka ji haushinsu.

Amma a daren da aka bashe shi, Yesu ya tashi daga cin jibi, ya yi ɗamara, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. Wannan kuwa aikin bara ne. Cikin masu rubuta Bishara su huɗu, Yohanna kaɗai ya rubuta labarin nan (sura 13). Shi ne ya tsaya kusa da giciye, a hannunsa kuma Yesu ya bar uwarsa Maryamu.

Wajen shekara ta 44 sarki Hirudus ya kashe Yaƙub da takobi. Yohanna kuwa ya yi tsawon rai. Iraniyus, wanda ya saurari Bolikab almajirin Yohanna tun yana yaro, ya rubuta cewa manzon ya zauna a Afisus. A zamanin Domitiyan sarkin Roma, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, aka kore shi zuwa Batmusa saboda maganar Allah, wajen shekara ta 95. Batmusa ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Helas, wato Girka, wajen mil 60 daga Afisus. Ƙasa ce mai duwatsu kamar na Roni da Kazaure, sai dai teku ya kewaye ta. A can ya ga ru'ya a ranar Ubangiji, ya rubuta wa ekklesiyai bakwai na Asiya. Bayan mutuwar Domitiyan ya koma Afisus, ya rasu da tsufa a zamanin sarki Tarajan, wanda ya hau a 98. Cikin wasiƙunsa ba mu ƙara jin kiran wuta ba. Ƙaunar 'yan'uwa ce ya yi ta nanatawa.

Mutanen Batmusa ba su manta da shi ba. A 1088 wani mai ibada, sunansa Kiristodulos, ya sami izini daga sarki Aleksiyus na Kustantiniya, ya gina gidan 'yan zuhudu da sunan Yohanna a kan tudu. Ƙasa da shi akwai kogon da suke cewa a nan ya ga ru'yar. Suna yi masa idi sau biyu a shekara, ran 8 ga Mayu da ran 26 ga Satumba. A 1995 kuma aka yi babban taro a tsibirin domin cikar shekara 1,900 da rubuta littafin Ru'ya.

Amma bikin da ya fi tara jama'a shi ne na Alhamis ɗin da ke gaban Idin Tashin Ubangiji. Mutane su kan cika dandalin garin kamar yadda a ke cika ƙofar fada ranar hawan Sallah a Kazaure. A kan zaunar da mutum goma sha biyu maimakon almajirai, a karanta sura ta 13 ta Yohanna. Sai shugaban gidan, wanda ya fi kowa girma a wurin, ya tuɓe rigunansa na ado, ya yi ɗamara, ya durƙusa ya wanke ƙafafunsu ɗaya ɗaya a idon jama'a.

Ba dukan al'adunsu ne namu ba, gama mu ga Allah kaɗai mu ke addu'a cikin sunan Yesu. Duk da haka akwai abin koyo a nan. Mu ma muna da namu idi, Kirsimati da Ista, a Roni da Gwiwa da Babura. Sau da yawa hankalinmu ya kan tafi ga sabon zane, da naman da za a raba, da wanda za a ba kujerar gaba. Har a kan yi fushi a kan kujera, mutum ya daina zuwa sujada. Yohanna ma ya taɓa neman kujera, amma abin da ya gani a daren nan ya sāke shi.

Ya ku dattawa da shugabannin zumuntar mata, kafin idi mai zuwa ku karanta sura ta 13 tare da jama'arku. Sa'an nan ku tambayi juna wa zai ɗebo wa gwauruwa ruwa, wa zai kai wa mara lafiya tuwo, wa kuma zai sauki baƙo. Bari babban cikinku ya fara. Allah ya taimake mu. Amin.