Tarihin Friedl Dicker-Brandeis, malamar zane a sansanin 'yan Nazi

A cikin watan Disamban shekarar 1942, lokacin da 'yan Nazi suka tasa ƙeyar Friedl Dicker-Brandeis zuwa sansanin Theresienstadt da ke arewa da birnin Prag, an ƙayyade wa kowane mutum kayan da ba su wuce kilo 50 ba. Ita kuwa sai ta cike kaso mai tsoka na nata kayan da takardu da fenti da alƙaluman zane, domin yaran da za ta tarar a can.

An haifi Friedl ne a ranar 30 ga watan Yulin 1898 a Vienna, babban birnin ƙasar Ostiriya, cikin wani gida na Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun mahaifinta, wanda ke aiki a kantin sayar da kayan rubutu.

Daga 1919 zuwa 1923 ta yi karatu a shahararriyar makarantar fasaha ta Bauhaus da ke Weimar a Jamus, a gaban malamai irin su Johannes Itten da Paul Klee.

A shekarar 1934 an tsare ta a Vienna saboda alaƙarta da 'yan gurguzu. Bayan an sake ta, ta tsere zuwa Prag, inda ta riƙa koyar da zane ga 'ya'yan 'yan gudun hijira. Daga cikin ɗalibanta akwai Edith Kramer, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin jiyya ta hanyar zane a Amurka.

Ta auri Pavel Brandeis a 1936. Da al'amura suka rincaɓe, ta samu takardar izinin ƙaura zuwa Falasɗinu, amma ta ƙi tafiya ta bar mijinta.

A Theresienstadt an raba yara da iyayensu, ga yunwa, ga cuta, ga fargabar jiragen ƙasa da ke kwashe mutane zuwa gabas. An haramta karatun boko, amma an kau da kai ga zane. Friedl ta koyar da ɗaruruwan yara, kuma da takarda ta yi wuya sai suka koma amfani da kwalaye da tsofaffin takardun ofis.

Burinta dai shi ne yaro ya samu natsuwa, ya fitar da abin da ke cinsa a rai wanda baki ba zai iya furtawa ba. Takan fara darasi da motsa jiki da daidaita numfashi, sannan ta ba su labari su zana. Tana kuma nazarin zanen domin gane halin da kowane yaro ke ciki, kamar yadda ta bayyana wa sauran malamai a wata lacca a 1943. Ta kuma sa yaran su riƙa rubuta sunayensu a kan aikinsu, a wurin da aka mayar da mutum lamba.

A kakar 1944 aka kai mijinta sansanin Auschwitz, ita kuma ta nemi a haɗa ta da ayari na gaba. Kafin ta tafi ta shirya zane-zanen yaran cikin akwatuna biyu aka ɓoye. An kashe ta a ranar 9 ga watan Oktoban 1944, tana da shekara 46. Mijin nata ya tsira.

Yara kimanin 15,000 ne suka ratsa ta Theresienstadt, kuma akasarinsu ba su tsira ba. Zane 4,387 na yaran sansanin suna ajiye a gidan tarihin Yahudawa da ke Prag.

Har wa yau ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a na amfani da zane wajen taimaka wa yaran da yaƙi ya ɗimauta a sansanonin 'yan gudun hijira, kuma masana wannan fanni na lissafa Friedl cikin magabatansu.