Malinowski, Malamin Da Ya Kafa Laima A Ƙauye

Daga cikin malaman da suka yi suna a Jami'ar Landan akwai wani da ya kamata mai koyon aikin malanta ya san labarinsa. Sunansa Bronislaw Malinowski, fanninsa kuwa ilmin al'adun 'yan Adam, watau binciken yadda kowace al'umma ke aure da gado da ciniki da mulki.

An haife shi a birnin Krakow na ƙasar Folan a 1884, sa'ad da birnin ke ƙarƙashin sarautar Ostiriya. Ubansa malamin harsuna ne a jami'ar garin. Da farko lissafi da falsafa ya karanta, har ya gama a 1908, sa'an nan zuciyarsa ta karkata ga sanin halin mutane. A 1910 ya isa Landan neman wannan ilmi.

A zamanin nan yawancin masu wannan fanni daga ɗakin karatu su ke rubutu. Abin da fatake da 'yan mishan da ma'aikatan gwamnati suka ba da labari, shi su ke tarawa su gina magana a kai. Wanda ya yi ƙoƙari ya tafi kuwa, sai ya zauna a barandar Bature, a kirawo masa mutane ɗai ɗai, tafinta na tsakani.

A 1914 Malinowski ya tafi Ostireliya, sai yaƙi ya ɓarke. Da ya ke talakan Ostiriya ne, ya zama abokin gaban Ingilishi a idon doka, amma hukuma ta bar shi ya yi bincikensa. Ya sauka tsibiran Trobriand, gabas da Niu Gini, ya zauna sau biyu tsakanin 1915 da 1918, kowane zama kamar shekara guda. Ya kafa laimarsa a tsakiyar ƙauyen Omarakana, ya koyi harshensu har ya sallami tafinta. Ya bi su gona, ya je makoki, ya saurari gardamarsu, kome ya gani ya rubuta tun bai manta ba. Gani ya kori ji.

Da haka ya gane wani al'amari da baƙo mai wucewa ba zai gane ba, wanda su ke kira kula. Mutanen tsibiran kan shiga kwalekwale su ratsa teku mai hatsari domin musayar ado iri biyu: abin wuya na jan ɓawon katantanwar teku, da munduwa ta farin ɓawo. Abin wuya na zaga tsibiran ta wannan hannu, munduwa ta wancan, ba mai riƙe su har abada. Ba a ci, ba a sayarwa. To, mene ne amfaninsu? Ya nuna cewa su ne igiyar amana tsakanin mutanen da da sun zama abokan gaba, kuma a inuwarsu a ke cinikin tukwane da abinci. Littafin da ya yi a kan wannan ya fito a 1922.

A 1927 aka naɗa shi shehun malami a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan. A nan ya mai da sashensa kamar zaure. Kowane mako a kan taru, almajiri ɗaya ya karanta abin da ya samo, sauran su tsattsage shi da tambaya, malam na tsakiya yana tsokana. Ba a duban shekaru ko ƙasa, hujja kawai a ke nema. Yana da kaifin harshe, har waɗansu suka ɓata da shi, amma ba wanda ya fita hannu wofi. Daga zauren nan Nadel ya zo ƙasar Nufe a 1934, ya zauna Bida, littafinsa ya fito a 1942. Meyer Fortes ya tafi wurin Tallensi a arewacin ƙasar da a yanzu a ke kira Gana. Jomo Kenyatta, wanda ya shugabanci Kenya daga baya, a nan ya rubuta littafi a kan mutanensa Kikuyu a 1938, malamin ya yi masa gabatarwa.

A 1938 ya haye Amurka, yaƙi na biyu ya tsare shi can, yana koyarwa a Jami'ar Yale har ajali ya riske shi a 1942.

Amma labarin bai ƙare nan ba. A 1967 aka buga littafin asirinsa na zaman tsibiran, sai ga kaɗaici da fushi, da kalmomin raini ga mutanen da suka saukar da shi. Abin ya girgiza almajiransa ƙwarai. Hanyar da ya shimfiɗa tana nan, ana binta har yau, sai dai an ƙara mata sharaɗi, cewa mai bincike ya binciki kansa.

Jama'a, wanda za a tura makarantar ƙauye ya riƙe abu biyun nan. Ya zauna da mutane, ya koyi bakinsu kafin ya yanke hukunci a kan al'adarsu. Sa'an nan ya tsare zuciyarsa daga raini, gama sanin mutane dabam, girmama su dabam.