Pablo Escobar: Ɗan fasa-ƙwaurin taba sigari da ya zama uban gidan masu safarar hodar ibilis

A ranar 25 ga Agusta, 1983, jaridar El Espectador da ke Bogota, babban birnin ƙasar Kolombiya, ta sake buga wani tsohon labari da ta zaƙulo daga ma'ajiyarta. Labarin na shekarar 1976 ne, a kan wasu mutane da jami'an tsaro suka kama da hodar ibilis, har da hotunansu. Ɗaya daga cikin fuskokin ta wani attajiri ce da ke zaune a majalisar wakilai, wanda talakawan birnin Medellin ke yi wa kallon mai share musu hawaye. Sunansa Pablo Emilio Escobar Gaviria. Editan jaridar, Guillermo Cano, shi ne ya tuna cewa ya taɓa ganin wannan fuska a shafinsa. An ruwaito cewa a ranar yaran Escobar sun bi Medellin suna saye kwafin jaridar don kada ta isa hannun jama'a.

Matasa da yawa sun san Escobar ta finafinai, inda ake nuna shi a matsayin sarkin hodar ibilis. Sai dai ya daɗe cikin haramtaccen kasuwanci kafin ya taɓa hodar. Da fasa-ƙwaurin taba sigari da giya da kayan lantarki ya fara, kuma a nan ya gane cewa babban jari shi ne hanya da jami'an da aka saya a kanta. Wanda ya mallaki waɗannan biyun, kowane irin kaya yana iya ɗorawa.

Tasowarsa

An haifi Escobar ranar 1 ga Disamba, 1949, a garin Rionegro na jihar Antioquia. Mahaifinsa, Abel, manomi ne, mahaifiyarsa Hermilda kuma malamar makaranta. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Ya girma a Envigado, kusa da Medellin, birnin da a lokacin yake tinƙaho da masaƙunsa. A shekarun 1970 masaƙun suka shiga mawuyacin hali, kuma yadin da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya na daga cikin abin da ya durƙusar da su. Samari da yawa suka rasa aikin da iyayensu suka dogara da shi.

Masu rubuta tarihinsa sun kawo labarin cewa tun yana saurayi yana sayar da jabun takardun shaidar kammala makaranta da jabun tikitin caca. Daga nan ya koma satar motoci tare da ɗan uwansa Gustavo Gaviria, suna farfasa su suna sayar da sassan. A shekarar 1974 aka kama shi bisa zargin satar mota, amma bai daɗe a tsare ba.

Makarantar fasa-ƙwauri

A wancan zamani, babbar haramtacciyar sana'a a Antioquia ita ce shigo da kaya ba tare da biyan kuɗin fito ba. Ana saro su daga yankin ciniki marar haraji na Colon a ƙasar Panama, a sauke su a gaɓar teku kamar ta garin Turbo, sannan a loda wa manyan motoci zuwa Medellin. Ƙarshensu kasuwannin da ake kira San Andresito, waɗanda suka samo suna daga tsibirin San Andres da gwamnati ta cire wa harajin shigo da kaya a 1953. A can mai ƙaramin ƙarfi ke sayen rediyo da talabijin da kwalin sigari a farashin da babu shagon da ke biyan haraji da zai iya sayarwa.

Escobar ya yi aiki a ƙarƙashin manyan wannan harka, irin su Alfredo Gomez Lopez. Aikinsa rakiyar ayarin motoci da sasantawa da 'yan sanda da jami'an kwastan a kowane shinge. Ya san nawa ne kuɗin kowane jami'i, ya san wanda ake lallashi da wanda ake tsoratarwa. Rikicin da ya ɓarke tsakanin dillalai a kan wanda zai mallaki kasuwar sigarin fasa-ƙwauri, wanda aka laƙaba wa sunan tabar Marlboro, shi ya koya masa ɗaukar samari hayar kisa.

Da buƙatar hodar ibilis ta ƙaru a Amurka a tsakiyar shekarun 1970, Escobar ya riga ya mallaki direbobi da maɓoya da jami'ai. Abin da ya sauya shi ne kayan da alƙiblarsu. Ya riƙa sayo ƙullun ganyen koka daga Peru da Boliviya, a tace shi a Kolombiya, a tura arewa. Kamun da aka yi masa a 1976 ya zo ne a farkon wannan harka, lokacin da jami'an hukumar tsaro ta DAS suka same shi da Gustavo da hodar a ɓoye cikin tayar mota. Shari'ar ta shiririce, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kashe jami'ai biyun da suka kama shi. Wannan ya zama salonsa har ƙarshen rayuwarsa, jami'i ya karɓi kuɗi ko ya karɓi harsashi.

Yadda kuɗin ke dawowa gida

Escobar ya haɗa kai da 'yan gidan Ochoa, da Jose Gonzalo Rodriguez Gacha, da Carlos Lehder wanda ya mayar da tsibirin Norman's Cay na Bahamas zangon jiragen sama. Su ne aka sani da gungun Medellin. An ƙiyasta cewa a ganiyarsu, kusan kashi 80 cikin 100 na hodar da ke shiga Amurka ta hannunsu take bi. Mujallar Forbes ta sa sunan Escobar cikin jerin attajiran duniya a 1987, kuma ya ci gaba da fitowa a jerin har shekarar da ya mutu.

Fasa-ƙwaurin kayan masarufi bai mutu da zuwan hodar ba, sai ma ya zama hanyar wanke kuɗinta. Mai safara yana da tulin daloli a Miami ko New York da ba zai iya kai su banki ba. Sai ɗan canji ya saye su da rahusa, ya biya shi da kuɗin feso a Kolombiya. Ɗan canjin ya sayar da dalolin ga 'yan kasuwa, su kuma su saro sigari da giya da firiji a Colon ko Amurka, su shigo da su ta ɓarauniyar hanya. Tun da manufar ita ce a dawo da kuɗin gida, ko an sayar da kayan ƙasa da yadda aka saro su babu asara. Ta haka mai sayen talabijin mai araha a San Andresito ke zama matakin ƙarshe na cinikin hodar ba tare da ya sani ba, ɗan kasuwar da ke biyan haraji kuma ya rasa masu saye.

Shigarsa siyasa

Kuɗi ya sa Escobar neman suna. Ya gina filayen ƙwallo a unguwannin talakawa, ya gina ɗaruruwan gidaje ga iyalan da ke zaune a kan jujin Moravia. A gonarsa ta Napoles ya tara namun daji, har da dorinar ruwa. A 1982 ya shiga majalisar wakilai a matsayin mai maye gurbin zaɓaɓɓen wakili Jairo Ortega, duk da cewa Luis Carlos Galan ya kore su daga tafiyarsa ta siyasa. Kujerar ta ba shi rigar kariya, a daidai lokacin da yarjejeniyar 1979 ta ba da damar tisa ƙeyar masu safara zuwa kotunan Amurka.

Ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ne ya fito fili ya tuhumi tushen dukiyarsa, labarin El Espectador kuma ya kawo hujja. Aka cire masa rigar kariya, ya fice daga siyasa a farkon 1984. A watan Maris na shekarar, 'yan sanda suka kai samame matatar hodar ta Tranquilandia a cikin daji, suka kama sama da tan 13. Ranar 30 ga Afrilu, 'yan bindiga a kan babur suka harbe ministan a Bogota. Ranar 17 ga Disamba, 1986, aka harbe Guillermo Cano yana fitowa daga ofishin jaridarsa. Kyautar 'yancin aikin jarida da hukumar UNESCO ke bayarwa tun 1997 sunansa take ɗauke da shi.

Shekarar 1989 ta fi muni. An kashe Galan ranar 18 ga Agusta, yana kan gaba cikin masu neman shugabancin ƙasa. An tayar da bam a ginin El Espectador a watan Satumba. Ranar 27 ga Nuwamba aka tarwatsa jirgin fasinja na Avianca a sama, mutum 107 da ke ciki suka mutu, sannan ranar 6 ga Disamba bam ya ragargaza hedikwatar DAS. Escobar ya sa lada a kan duk ɗan sandan da aka kashe, ya kuma riƙa garkuwa da 'yan jarida da 'ya'yan manya don tilasta wa gwamnati. A cikinsu akwai 'yar jarida Diana Turbay, wadda ta rasu a Janairun 1991 yayin yunƙurin ceto ta. A 1991 kaɗai an kashe mutum fiye da 6,000 a Medellin, akasarinsu samari.

Kurkukun da ya gina wa kansa

Ranar 19 ga Yuni, 1991, majalisar tsara kundin mulki ta haramta miƙa ɗan ƙasa ga wata ƙasa. A ranar Escobar ya miƙa wuya, aka kai shi La Catedral, gidan yarin da aka gina bisa sharuɗɗansa a tsaunin Envigado. Daga can ya ci gaba da karɓar kaso daga sauran masu safara, domin a lokacin sana'arsa ta koma karɓar haraji daga duk mai son bin hanyoyinsa. A watan Yulin 1992 ya sa aka kashe abokan harkarsa biyu, Fernando Galeano da Gerardo Moncada, a cikin gidan yarin saboda saɓani kan kuɗi. Da gwamnati ta yi yunƙurin sauya masa wuri, sai ya tsere ranar 22 ga Yuli.

Wata 16 ana farautarsa. Rundunar 'yan sanda ta musamman na binsa da taimakon Amurka, tsoffin abokansa kuma suka kafa ƙungiyar Los Pepes suna kashe lauyoyinsa da na kusa da shi. Ranar 2 ga Disamba, 1993, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 44, aka gano maɓoyarsa ta hanyar wayar da ya yi wa iyalinsa, aka harbe shi a kan rufin wani gida a unguwar Los Olivos.

Abin da ya bari

Mutuwarsa ba ta hana hodar isa Amurka ba, domin gungun Cali ya karɓe kasuwar. Ofishin karɓar bashi da kisan haya da ya kafa a Envigado ya faɗa hannun Diego Murillo, ya kuma ci gaba da tatsar 'yan kasuwa da direbobi shekaru da dama.

A Meksiko, inda harkar ta koma da ƙarfinta, darasin ya ƙara fitowa fili. Gungun Zetas ya haɗa safarar ƙwayoyi da fasa bututun man kamfanin Pemex, da garkuwa da baƙin haure, da sayar da faifan finafinai na satar fasaha masu ɗauke da tambarinsa. A 2011 wani jami'in kamfanin Microsoft ya nuna jabun faifan manhajar Office mai tambarin gungun La Familia. A jihar Michoacan, magadan gungun sun ɗora wa manoman fiya da lemun tsami haraji, suna kuma haƙar tama suna fitarwa ta tashar Lazaro Cardenas. A yankinmu na Sahel ma, hanyoyin hamada da aka daɗe ana bi da sigarin fasa-ƙwauri su hodar Kudancin Amurka ta biyo, kamar yadda jirgin Boeing 727 da aka tsinta a ƙone a arewacin Mali a Nuwamban 2009 ya nuna.

Shekaru da dama hukumomin Kolombiya sun ɗauki fasa-ƙwaurin sigari a matsayin ƙaramin laifi da ake kawar wa kai, saboda kowa na sayen kaya masu araha kuma jami'ai na samun na goro. Jami'in da ya saba buɗe shinge don kwalin taba bai tambayi abin da ke cikin tayar mota ba a ranar da kayan suka sauya. Kafin ƙasar ta farga, ta binne ministan shari'a da editan jarida da ɗan takarar shugaban ƙasa cikin shekara biyar da 'yan watanni.