Alhaji Malik El-Shabazz (1925-1965)

An haifi Malcolm Little, wanda duniya ta fi sani da Malcolm X, a birnin Omaha ta ƙasar Amurka ran 19 ga watan Mayu, 1925. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, kuma mabiyin Marcus Garvey. A 1929 aka ƙone gidansu a Lansing, sa'an nan a 1931 jirgin cikin gari ya take mahaifin ya rasu, amma iyalinsa sun yi imani cewa masu ƙin baƙar fata ne suka kashe shi. Daga bisani aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, 'ya'yanta suka watsu gidajen riƙo.

Malcolm yaro ne haziƙi, amma da ya nuna sha'awar zama lauya, sai malaminsa Bature ya nuna masa aikin kafinta ya fi dacewa da baƙin mutum. Ya bar makaranta, ya faɗa caca da sata, har a 1946 aka ɗaure shi.

A kurkuku ne ya farfaɗo. Ya kwafe ƙamus da hannunsa, ya duƙufa kan karatu, kuma ya karɓi koyarwar Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam. Da aka sake shi a 1952 sai ya yar da sunan Little, domin sunan ubangijin bayi ne, ya sa harafin X a madadin sunan kakanninsa da bauta ta shafe. Ya zama babban kakakin ƙungiyar, wadda take ɗaukar farar fata a matsayin shaiɗanu.

A watan Maris na 1964 ya raba gari da ita, a watan Afrilu kuwa ya tafi aikin Hajji. Can ya ga fari da baƙi a sahu ɗaya, suna ci a akushi ɗaya. Wannan ya sa ya gane cewa zalunci hali ne da ake koya, ba jini ba ne, saboda haka ana iya kawar da shi. A watan Mayu ya zo Nijeriya ya yi lacca a Jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, watau ɗa ya dawo gida. A watan Yuli ya halarci taron shugabannin Afirka a Alƙahira, yana neman su kai kukan baƙaƙen Amurka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ran 21 ga Fabrairu, 1965 aka harbe shi a New York yana shirin yin jawabi, yana da shekara 39. Wata shida bayan haka Amurka ta kafa dokar kare 'yancin baƙaƙe na jefa ƙuri'a.

Sau biyu imani ya ɗaga shi: na farko ya fitar da shi daga lalacewa, na biyu ya fitar da shi daga ƙiyayya, ba tare da ya sassauta wa azzalumai ba. Duk al'ummar da tsanani ya kai ta ga yanke ƙauna tana da abin dubawa a nan. Allah ya jiƙansa.