Karl von Frisch, Malamin da Ya Gano Agogon Ƙudan Zuma

An haifi Karl von Frisch a Biyana, babban birnin Ostiriya, ran 20 ga watan Nuwamba 1886. Ubansa babban likita ne, ya kuwa so ɗan ya gaje shi, to amma hankalin yaro yana wajen kifi da tsuntsaye da ƙwari. Ya fara karatun likita, ya bari, ya koma ilmin dabbobi, ya sami digirin dakta a 1910. A 1925 aka ba shi shugabancin sashen ilmin dabbobi a Jami'ar Munik ta Jamus.

Duk wanda ya taɓa ɗora amya a bishiya ya san ƙudan zuma ba ya ɓatan hanya. Abin da von Frisch ya so sani shi ne ko ya san lokaci. Wata ɗalibarsa, Ingeborg Beling, ta riƙa ajiye ruwan sukari a wuri guda, ƙarfe kaza kowace rana, tana ɗiga wa ƙudajen da suka zo fenti a baya don ta shaida su. Bayan 'yan kwanaki sai ta ajiye faranti ba kome. Lokaci na yi sai ga su, kamar ma'aikata ran biya. Ko a ɗakin da fitila ke ci dare da rana haka suka yi. Da ta gwada koya musu zuwa bayan kowace awa 19 kuwa, sam suka kasa, sai dai awa 24. Aka buga wannan a 1929.

Masu gardama suka ce ai watakila wani abu ne daga sararin sama yake gaya musu. A 1955 wani ɗalibin nasa, Max Renner, ya raba gardama. Ya horar da ƙudaje a rufaffen ɗaki a Faris, ya sa su jirgin sama zuwa Niyok ta Amurka, ya zuba su a ɗaki irin wancan sak. Ƙudajen nan suka fito neman abinci bisa lokacin Faris. An raba su da gida, amma agogon gida na cikin jikinsu.

To mene ne amfanin agogon? Furanni da yawa suna da sa'ar da suke ba da ruwan zaƙi, wanda ya makara ya rasa. Sa'an nan ga babban abin da ya ɗaukaka sunan malamin, wato rawar ƙudan zuma. Wanda ya samo abinci yakan koma cikin duhun amya ya yi rawa a jikin saƙa, yana kaɗa gindi. In ya miƙe sama, abinci yana wajen rana. In ya karkata, gwargwadon karkatar ke nan daga rana. Amma fa rana ba ta tsayawa, saboda haka in rawa ta daɗe sai ya riƙa gyara karkatar kaɗan kaɗan, alhali ba ya ganin ranar.

Tsakanin waɗannan ayyuka saura kaɗan ya rasa kome. A 1941 gwamnatin Hitila ta ce kakarsa ta wajen uwa jinin Yahudawa ce, aka shirya sallamarsa daga aiki. Sai cutar nosema ta auka wa amyoyin Jamus, ƙudaje na ta mutuwa, in kuwa babu su itatuwa ba sa 'ya'ya, ga yaƙi ana fama da abinci. Abokansa suka kai kuka, aka ɗage sallamar har bayan yaƙi don ya binciki cutar. Aikin nan dai ya amfani gwamnatin da ta so korarsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A 1944 bom ya rushe yawancin ma'aikatarsa ta Munik, ya koma gidan iyayensa na ƙauyen Brunnwinkl a Ostiriya, a can ya warware ma'anar rawar.

Bayan yaƙi ya koyar a Graz, ya koma Munik a 1950, ya yi ritaya a 1958. Waɗansu masana na Amurka sun yi ta musu, suna cewa ƙanshi kawai ƙudaje ke bi, amma gwaje-gwajen baya sun gaskata shi. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel tare da Konrad Lorenz da Niko Tinbergen; tsufa ya hana shi zuwa, ɗansa Otto ya karɓo masa. Ya rasu a Munik ran 12 ga watan Yuni 1982, yana da shekara 95.