Tarihin Muhammadu Ali Basha, Mai Mulkin Masar

Ku sani ya ku malamai da fatake, an haifi Muhammadu Ali a garin Kawala wajen shekarar 1769, a ƙasar da yau ta ke cikin Girka. Fataucin taba ya fara yi, bai koyi karatu ba sai da ya kai kimanin shekara 40. A 1801 ya sauka Masar cikin rundunar da Sarkin Musulmi na Istambul ya aiko don korar Faransawa.

Sa'ad da zaluncin gwamna Hurshid Basha ya ishi mutanen Alƙahira, sai malaman Azhar suka taru, Sayyid Umaru Makram shugaban sharifai yana gaba, suka tuɓe shi, suka naɗa Muhammadu Ali a 1805, watau 1220 ta Hijira, bisa sharaɗin ya yi adalci, ya riƙa shawara da su. Ƙafarsa na kafuwa sai ya juya kan waɗanda suka ɗaga shi. A 1809 ya aza haraji a kan gonakin waƙafi, waɗanda masallatai da makarantu ke ci daga gare su. Umaru Makram ya ƙi yarda. Basha ya shiga tsakanin malamai, ya jawo wasu da kyauta da muƙami, sa'an nan ya kore shi zuwa Dimyat. Tun daga nan bakin malamai ya mutu, gama abincinsu ya koma hannun wanda ya kamata su tsawata wa.

Saura Mamaliku, masu doki da takobi. A 1811 ya gayyaci manyansu biki a ganuwar Alƙahira, aka rufe ƙofa, aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka hallaka. Bayan wannan ya karɓe gonaki daga hannun masu karɓar haraji na dā, ƙasa ta koma ƙarƙashinsa.

To, ku fatake, ga abin da ya sami kasuwa. Ya hana manomi sayar da alkama da shinkafa da auduga ga kowa sai gwamnati, a kan kuɗin da ita ta yanka, ita kuwa ta sayar wa Turawa da riba mai yawa. Masaƙa ma sai daga gare ta za su sami zare, gare ta kuma za su kai saƙa. Dillali ya rasa abin yi, attajiri ya zama ɗan aike. Aka tilasta talakawa haƙa magudanar Mahmudiyya zuwa Iskandariya, dubbai suka mutu a bakin aiki. Da aka fara kamun soja a 1822, wani sai ya datse yatsansa, wani ya tsiyaye idonsa don ya tsira, waɗansu suka bar ƙauyukansu suka gudu. A 1820 ya tura runduna Sudan neman zinariya da bayi. Mutanen Shandi suka ƙone ɗansa Isma'ila a 1822, aka rama da kashe-kashe masu yawa.

Ba a hana shi hakkinsa. Shi ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ, ya buɗe makarantar likitanci a 1827, ya aika ɗalibai Faransa a 1826, Rifa'atu Ɗahɗawi ne limaminsu. Amma dukan wannan gini a wuyan mutum guda ya rataya. Ɗansa Ibrahim ya ci Sham, har ya tsorata Istambul, sai Ingila da abokanta suka tsai da shi a 1840. A 1841 aka bar masa Masar ta zama gadon gidansa, aka rage sojansa zuwa 18,000, kasuwar da ya riƙe ta kuɓuce, masana'antunsa da yawa suka tsaya. Fataken ƙasa da za su iya ɗaukar nauyin kuwa ya riga ya karya su, sai baƙi suka cika kasuwa.

A ƙarshen rayuwarsa hankalinsa ya gushe. Ya rasu a Iskandariya a 1849, aka binne shi a masallacinsa cikin ganuwar da aka kashe Mamaliku. Zuriyarsa ta yi mulki har aka tuɓe Sarki Faruƙu a 1952. Allah ya ba mu shugabanni masu jin gargaɗi, da malamai masu faɗin gaskiya.